Zauren Gwaggo: Kunne Ya Ji, Yaya Za a Gaya wa Kwamfuta?

 A 'yan makonnin nan wasiƙu uku suka shigo hannuna daga garuruwa uku. Masu su ba su san juna ba, amma ciwonsu ɗaya ne. Kowannensu kiɗa yake son rubuta wa kwamfuta, rubutun kuma ya haɗa shi da wani nasa: ɗaya da maigidansa, ɗaya da mijinta, ɗaya da malaminta. Ga wanda bai saba da harkar ba, kalmar da za ta yi ta dawowa ita ce kod. In makaɗi ya danna madannan fiyano uku ko huɗu lokaci guda, sautukan suka haɗu suka zauna lafiya a kunne, wannan dunƙulen shi 'yan sutudiyo suke kira kod. 

Maigida ya ce ban san aikina ba

Gwaggo, ina gaisuwa. Ni makaɗin fiyano ne a wani sutudiyo a Kano, shekarata shida a sana'ar. Duk waƙar da muka yi ina rubuta kod ɗinta a waya, C, F, G, Am, haka nan. In mawaƙi ya ce muryarsa ba ta kai ba a sauke masa, sai rubutun nawa ya tashi a banza. Kwanan baya maigida ya ce in tantance masa waƙoƙinmu da suka yi kama da juna. Ƙanena ya zuba su a kwamfuta, ta ce kaɗan ne suka yi kama, alhali kunnena yana gaya mini yawancinsu hanya ɗaya suka bi. Yanzu maigida ya fara cewa ban san aikina ba. Ina mafita?

Makaɗi daga Kano

Ɗana, kunnenka bai yaudare ka ba. Kwamfutar ma ba ta yi ƙarya ba, abin da aka ba ta shi ta auna. Kai ka san C, F, G, Am da D, G, A, Bm tafiya ɗaya ce, an dai ɗaga ta sama ne. Ita kuwa haruffa take gani, harafin C kuma ba D ba ne. Ka ba ta sunayen garuruwa, kana so ta gane tsawon tafiya.

Maganin ya daɗe a duniya. Tsakanin 1817 da 1821 wani Bajamushe mai suna Gottfried Weber ya wallafa littattafan da suka yaɗa rubuta kod da lambobin Rum, gwargwadon matsayinsa a cikin ki, wato jerin sautukan da waƙa ta zauna a kai: babban baƙi ga kod irin mejo, ƙarami ga irin maino. Daga baya, a ƙarshen shekarun 1950, a birnin Nashville na Amurka, Neal Matthews na ƙungiyar Jordanaires, waɗanda suke yi wa Elvis Presley amshi, ya fito da hanyar lambobin yau da kullum don aikin sutudiyo. Matsalarsu irin taka ce sak: mawaƙi ya zo, a canza ki, ba lokacin sake rubutu. A wannan tsarin jerinka na farko 1, 4, 5, 6m ne, na biyun ma 1, 4, 5, 6m ne, m ɗin kuwa alamar maino ce.

Saboda haka ka ce wa ƙanenka ya yi wa kowace waƙa gida biyu: ɗaya na ki, ɗaya na lambobi. Kada ka jefar da haruffan, ka ajiye su a gida na uku. Sannan ka kula da wani rami da makaɗan Yamaha suke yawan faɗawa: in ka taɓa maɓallin sauya ki, yatsunka suna kan C amma abin da ke fita a sifika E♭ ne. Ka rubuta wanda kunne ya ji, in ba haka ba ranar da aka gwada rubutunka da sautin waƙar za su saɓa. Waƙar da ta canza ki a tsakiya kuma, ka sa alama daidai wurin, ka sake ƙirga daga 1.

Game da maigida, kada ka yi musu da shi. Ka gyara jadawalin ka ajiye masa a gabansa. Ka kuma gaya masa, cikin ladabi, cewa waƙa biyu su bi jerin kod ɗaya ba ya nufin ɗaya ta kwafi ɗaya. Waƙoƙin duniya da suka hau kan 1, 5, 6m, 4 ba sa ƙirguwa. In maimaici yake tsoro, karin murya da baiti ya kamata a duba.

Kod ɗaya ya hana mu magana

Gwaggo, salama. Ni da maigidana muna cikin mawaƙan cocinmu a Jos, shi yana kaɗa fiyano, ni ina koyar da muryoyi. Mun ɗauki aikin shigar da waƙoƙinmu cikin kwamfuta saboda matasa masu tasowa. A wata waƙa da take kan G, akwai wurin da muryoyi huɗu suka riƙe C, E, G, A, kafin a je D a dawo gida. Shi ya rubuta C6, ni na goge na sa Am7. Ya ce na raina shi a gaban yara. Kwana biyu ke nan gaisuwa kawai ke haɗa mu. Don Allah waye mai gaskiya?

'Yarki daga Jos

'Yata, zan ba ki amsar kiɗan, amma bari in fara da gogewar. A gaban yara kika goge rubutun mutumin da suke kallo a matsayin malaminsu. Ko da ke ce mai gaskiya ɗari bisa ɗari, wannan ya isa ya sosa masa rai. Ki ba shi haƙuri a kan wannan, ba tare da kin haɗa da maganar kod ba.

To, kod ɗin kuma, ku biyun kun faɗa daidai, ba kuma don in raba faɗa na ce haka ba. C6 ya ƙunshi C, E, G, A. Am7 ya ƙunshi A, C, E, G. Sautuka huɗun nan ne dai. Masanin kiɗa na Faransa Jean-Philippe Rameau, wanda littafinsa na 1722 ya kafa ra'ayin cewa kowane kod yana da tushe ko da an birkita jerin sautukansa, shi da kansa ya tsaya a kan irin wannan kod ɗin. A littafinsa na 1737 ya bayyana cewa aiki biyu yake yi: in ka dube shi daga inda aka fito, tushensa yana iya zama ɗaya, in ka dube shi daga inda za a je, ya zama ɗayan. Mijinki ya ji C a ƙasa, a hannunsa na hagu, ya kira shi da abin da yatsansa ya taɓa. Ke kin ji yana gangarawa zuwa D, kin kira shi da aikin da yake yi. Gardamar da kuke yi a falo ta kusa shekara 300 a duniya.

Kwamfuta ba za ta yi muku alƙalanci ba. In aka ba C lamba 0, aka yi ta hawa madanni bayan madanni, fari da baƙi, har B ta zama 11, kod ɗinku 0, 4, 7, 9 ne ko wa ya rubuta shi. Sunan da za a liƙa masa hukunci ne na mai sauraro.

Ga yadda nake so ku yi aikin. Ku fara shigar da muryoyin huɗu kansu, ƙwaya bayan ƙwaya, a manhajar MuseScore, kyauta ce, ku adana a tsarin MusicXML wanda sauran manhajoji suke iya karantawa. Wannan shi ne abin da ba a gardama a kansa. Sunayen kod su zo a matsayin layi na biyu. Akwai wani tsarin rubutu da Christopher Harte da abokan aikinsa na Jami'ar Queen Mary ta Landan suka gabatar a 2005, wanda masu bincike suke amfani da shi har yau: a rubuta tushe, a sa ɗigo biyu, a rubuta irin kod ɗin, in sautin ƙasa ba tushen ba ne a ja karan tsaye a faɗi wanne ne. A nan na mijinki C:maj6 ne, naki A:min7/b3. Kin ga naki ma ya amsa cewa C ce a ƙasa. Ku rubuta duka biyun, kowa a layinsa. Ni da zan zaɓa, ga yaron da zai zauna gaban fiyano ranar Lahadi na mijinki ya fi sauƙin kamawa, ga mai son fahimtar ginin waƙar naki ya fi faɗin gaskiya. Matasan suna bukatar su ga duka.

Shata ya ƙi shiga jadawalina

Gwaggo, ina wuni. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe, ina karanta kimiyyar kwamfuta. Aikina na kammalawa shi ne gane kod a waƙoƙin Hausa. Na samo wata manhaja da take aiki lafiya a kan waƙoƙin Turawa. Da na sa mata Shata da Ɗan Maraya da wani kiɗan goge, sai ta riƙa zubo kod barkatai, kowane rabin daƙiƙa da sabo. Malamina ya ce dole in kawo jadawalin kod, in ba haka ba aikin bai cika ba. Babana tun farko ya ce waƙa ba ilimi ba ce. Saura wata uku. Jiya har kuka na yi. Ni ce ban iya ba?

Ɗaliba daga Zariya

'Yata, share hawayenki. Abin da kika ɗauka gazawa ce shi ne abu mafi daraja da aikinki ya tono, kuma zan daɗe a kansa domin ya cancanta.

Mu fara da abin da manhajar take yi in kin ba ta waƙa. Tana yanka sautin gunduwa-gunduwa, ƙasa da daƙiƙa kowanne, ta auna irin kaɗawar da ke cikinsa da lissafin nan na Joseph Fourier da kika karanta a aji. Daga nan ta jera kwano 12, ɗaya ga kowane madanni daga C zuwa B, ta zuba ƙarfin kowane sauti a kwanon da ya fi kusa da shi. C ta ƙasa da C ta sama duk kwano ɗaya. Takuya Fujishima ne ya gabatar da wannan dabara don gane kod a 1999. Sai ta ɗauki kwanonin ta gwada su da ma'aunan da aka ba ta, galibi mejo 12 da maino 12, ta zaɓi wanda ya fi kama. Sababbin manhajoji sun fi wannan wayo, suna koyo daga misalai, amma ki tambayi misalan wa. Biyu daga cikin tarin da aka fi dogara da su: waƙoƙin Beatles 180 da Harte ya zauna ya rubuta wa kod da hannu, da kuma tarin da Jami'ar McGill ta Kanada ta fitar a 2011, na waƙoƙin da suka yi tashe a jadawalin Billboard na Amurka tsakanin 1958 da 1991. Aiki ne na ƙwarai, na haƙuri. Amma jita da fiyano ne suka raine ta.

Yanzu dubi abin da kika sa a gabanta. Alhaji Mamman Shata murya ɗaya ce tana jan waƙa, 'yan amshi suna karɓa da baki ɗaya, kalangu yana magana a ƙarƙashi. Ɗan Maraya Jos shi da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya. Goge ma tsirkiya ɗaya ce ta izgar doki. A ina kod zai fito? Ba a gina wannan kiɗan a kan dunƙulen sautuka uku masu bin juna ba. Ƙarfinsa yana cikin kari, da yadda jagora yake miƙa wa 'yan amshi su dawo masa, da yadda ganga take bin hawa da saukar harshe. Ba rashi ba ne. Gini ne daban, kamar yadda ba a neman bene a jikin rumbu.

To me ya sa manhajar ba ta yi shiru ba? Nan ne abin yake da daɗi. Tsirkiya ɗaya ba sauti ɗaya take fitarwa ba. In tana kaɗawa sau 220 a daƙiƙa, wato A, tana kuma fitar da 'ya'yan sauti a 440, da 660, da 880, da 1100. Ki duba kwanon da kowanne zai faɗa: 440 da 880 A ne, 660 E ce, 1100 kuma tana kusa da C♯. A, C♯, E. Wannan shi ne kod ɗin A mejo cif. Ma'ana mai goge ya ja ƙwayar sauti ɗaya tak, kwamfuta ta ga alamar kod cikakke. Ya matsa yatsa, ta ga wani. Shi ya sa kike samun sabo kowane rabin daƙiƙa: karin waƙar take bi, tana sa wa kowane taki rigar kod. Ga kuma kalangu, wanda mai shi yake matse tsirkiyoyinsa a hammata sautin ya zame daga ƙasa zuwa sama ba tare da ya tsaya a kan wani madanni ba. Sautin da ke zamewa yakan fantsama cikin kwano uku ko huɗu.

Akwai abu na uku. Kwanonin 12 an yanka su ne a kan saitin fiyano, inda A take 440. Mai goge ba da fiyano ya ɗaure tsirkiyarsa ba, da muryarsa ya ɗaure ta. Tazarar da ke tsakanin sautukansa ba lallai ta yi daidai da ta madannai ba. Ƙari a kan haka, yawancin tsofaffin waƙoƙin nan daga kaset zuwa kaset suka yi ta yawo kafin su iso wayarki, rikodar da ta ɗan yi sauri ko ta ja kuwa takan ɗaga sauti ko ta sauke shi gaba ɗaya.

Tun 1885 wani Bature ɗan Ingila, Alexander Ellis, ya auna kayan kiɗan al'ummomi daban-daban ya nuna cewa jerin sautukan kiɗa ba ɗaya ba ne a duniya. Shi ya bar mana ma'aunin sent: daga C zuwa C ta gaba sent 1200, tsakanin madanni da maƙwabcinsa 100. Da wannan ma'auni za ki iya cewa sauti yana sent 350 sama da gida, ba sai kin tilasta masa zama 300 ko 400 ba. Ba kuma ke kaɗai kika taɓa cin karo da wannan bango ba. Xavier Serra na Jami'ar Pompeu Fabra a Barcelona ya jagoranci wani babban aiki mai suna CompMusic daga 2011, a kan kiɗan arewaci da kudancin Indiya, da makam na Turkiyya, da kiɗan Andalus na Larabawa, da wasan waƙa na Beijing, domin kayan aikin da aka ƙera wa kiɗan Turai ba su kama waɗannan ba. Ki nemi rubuce-rubucensu, za ki ga 'yan'uwanki a damuwa.

Ga shawarata. Kada ki watsar da aikin, ki juya tambayarsa. Maimakon “waɗanne kod ne a waƙoƙin Hausa”, ki tambaya “a ina manhajar gane kod take aiki a kiɗan Hausa, a ina take karyewa, kuma me ya sa”. Ki tara kashi uku. Na farko 'yan waƙoƙin Turawa da aka riga aka san kod ɗinsu, don ki nuna manhajar lafiyarta ƙalau. Na biyu waƙoƙin nanaye na finafinai, waɗanda aka kaɗa da fiyano a sutudiyo, inda sau da yawa akwai kod na gaske. Ki nemi makaɗi ya zauna da ke ya rubuta su da kunnensa, a tsarin Harte, kowane layi da lokacin farawa, lokacin ƙarewa, da suna. Na uku su Shata. A tsarin Harte akwai harafin N, ma'anarsa babu kod a nan. Ki yi amfani da shi ba kunya. Malaminki jadawali ya nema, ga jadawali, kuma na gaskiya.

Sannan ki ba kashi na ukun rubutun da ya dace da shi. Ki buɗe waƙar a manhajar Sonic Visualiser tare da pYIN, ko a Praat da masu nazarin harshe suke amfani da ita, ki fitar da layin muryar yadda take hawa da sauka. Ki gano sautin da mawaƙin yake yawan komawa ya huta a kai, ki mai da shi sifili, ki auna sauran da sent daga gare shi. Da haka matsalar kaset ta kau, domin tazara kike aunawa. Ki sa alama inda jagora ya fara, inda amshi ya karɓa, inda kalangu ya shigo. In lokaci ya ba ki dama, ki rubuta baitin ki sa wa kowace gaɓa karin sautinta, sama ko ƙasa ko faɗau, ki gwada da layin waƙar ki ga sau nawa suke tafiya tare. Wannan tambaya ce da ɗan Landan ba zai riga ki amsawa ba, domin ke kika sha harshen a nono.

Abu ɗaya nake roƙonki, kuma da gaske nake: kada ki zauna gaban allo ke kaɗai. Zariya ba ta rasa makaɗa ba. Ki nemi dattijon mai kalangu ko mai goge, ki je da wani babba naki, ki gaishe shi yadda ya kamata, ki kunna masa waƙar ki tambaye shi me ake kiran wannan juyin, me ake kiran wancan. Suna da sunayensu. David Ames da Anthony King sun tattara da yawa a ƙamus ɗinsu na kalmomin kiɗan Hausa na 1971, amma bakin mai sana'a ya fi takarda. Sunan da ya ba ki shi za ki sa a jadawali, ki nemi izininsa, ki kuma ambace shi a aikin in ya yarda.

Wajen malaminki, kada ki je da bayani mai tsawo. Ki ɗauki sautin goge ƙwaya ɗaya, daƙiƙa uku, ki kunna masa ya ji da kunnensa cewa ɗaya ne, sannan ki nuna masa kod ɗin da manhajar ta rubuta, da lissafin 220 ɗin nan a gefe. Ki ce, “Malam, ga abin da na gani, ina neman shawararka.” Malamin kimiyya da aka nuna wa irin wannan yakan gyara zama.

Baba kuma ki bi shi a hankali. Ki gaya masa lissafin da kike yi a kan muryar Shata shi ne ake yi in ana koya wa waya jin magana, kuma Hausa, da yake harshe ne mai karin sauti, tana bukatar masu iya auna hawa da saukar murya. In kin fitar da hoton layin farko, ki kai masa ya gani, ki kunna masa waƙar yana bin layin da yatsa. Wata uku za su isa in ba ki yi zari ba: ki fara da waƙa biyar a kowane kashi, minti ɗaya ɗaya, ki gama su tsaf kafin ki ƙara. Ki rubuto mini bayan kin ga malamin.